Faifan "Kuturta": Me Samarin Amurka Suka Ji A Cikin Wannan Ƙara?

Duk wanda aka ɗora wa wannan faifai ba tare da an yi masa gargaɗi ba, abin da zai fara zato shi ne rakodar ta lalace. Ganguna na zuba kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano, jita na gurnani kamar injin niƙa da ya haɗiye dutse, sa'an nan ga wata murya tana fitowa daga can ƙasan maƙogwaro, wadda mutum zai rantse ba ta ɗan Adam ba ce. Sunan faifan Leprosy, watau Kuturta. Sunan makaɗan da suka yi shi Death, watau Mutuwa. Irin kiɗan kuwa Turawa na ce masa death metal, wanda in an juya shi da Hausa zai ba da "ƙarfen mutuwa". Mai karatu na iya cewa sunayen nan uku kaɗai sun ishe shi, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Amma fa a cikin 1988 aka fitar da faifan nan a Amurka, waƙoƙi 8 ne a cikinsa, duka-duka ba su cika minti 40 ba, ga shi har yau ba a daina sayensa ba. Kamfanin Relapse ya sake buga shi a 2014. A 2022 biyu daga cikin makaɗan da sunansu ke jikinsa, Rick Rozz da Terry Butler, suka kafa wata sabuwar ƙungiya musamman don su riƙa zagaya garuruwa suna kaɗa waƙoƙinsa, aka kuwa yi ta zuwa kallonsu, har da yaran da ba a haife su ba lokacin da faifan ya fito. Abin da ya daɗe haka a hannun mutane, ko da kunne ya ƙi shi, ya cancanci a tambayi dalili. An ce abincin wani gubar wani, amma karin maganar ba ta faɗi abin da mai cin yake ji a bakinsa ba.

Asalin kiɗan ƙarfe daga Ingila ne, a birnin Birmingham mai masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi injin yankan ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu a wurin aiki, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ta yi masa sauƙin dannawa, sassautawar nan kuwa ta ƙara wa sautin kauri da duhu. Waɗanda suka biyo baya kowa sai ya ƙara wani abu, wannan ya ƙara sauri, wancan ya ƙara ƙara. Zuwa 1985 wasu yara a Kalifoniya masu suna Possessed sun fitar da faifai mai ɗauke da waƙar da suka kira Death Metal, a 1986 kuma Slayer suka kai saurin inda aka zaci ba a iya wuce shi. Gidajen rediyo ba su sa irin wannan kiɗa, manyan kamfanoni ba su kula shi. Da kaset ya yaɗu. Yaro a Fulorida zai ɗauki kiɗansa a garejin gidansu, ya aika ta gidan waya zuwa ga wani yaro a Suwidin ko Burazil wanda bai taɓa gani ba, shi kuma ya kwafa ya aika wa wasu goma, a haɗa da 'yan mujallun da suke rubutawa da hannu su buga a injin kwafi. Tun ba a san intanet ba suka haɗa zumunci na duniya da kan sarki da ambulan.

A cikin yaran nan akwai Chuck Schuldiner. An haife shi ran 13 ga Mayu 1967 a jihar Nuyok, iyayensa suka koma da shi kusa da Orlando a jihar Fulorida yana jariri. Yana da shekara 9 yayansa mai shekara 16 ya rasu a hatsari, iyayen suka saya masa jita ko za ta ɗauke masa hankali daga baƙin ciki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za a sake zuwa kansa. A 1983 ya kafa ƙungiya da abokansa biyu, suka sa mata suna Mantas, a shekarar da ta biyo suka sauya sunan zuwa Death. Faifansu na farko, Scream Bloody Gore, ya fito a 1987, mutane da yawa kuma suna lissafa shi cikin faifan da suka buɗe wannan hanya. Sai dai abin da ke cikinsa wasan yara ne: fatalwa, gawarwaki masu tafiya, jini da hanji, duk irin abin da saurayi ke kwasowa daga sinimar ban tsoro da tsakar dare. Ba wanda zai ji shi ya kasa barci don tunanin rayuwarsa.

Shekara guda kawai ta raba wancan faifai da Leprosy, amma ratar da ke tsakaninsu ta fi haka. Schuldiner ya baro Kalifoniya inda ya yi ɗan zama ya komo gida, ya ɗauko Rozz da Butler da mai ganga Bill Andrews daga wata ƙungiya mai suna Massacre, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Morrisound a Tampa, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Tom da Jim Morris, suka buɗe a 1981. Dan Johnson ya shugabanci aikin, wani saurayi mai suna Scott Burns ya zauna a kan na'ura. Kamfanin Combat ya buga. Shi Schuldiner a lokacin bai wuce shekara 21 ba.

Matsalar da Burns da abokan aikinsa suka warware ita ce ta tsabtar sauti. Kiɗa mai wannan sauri da wannan kauri, in an ɗauke shi yadda aka saba ɗaukar sauran kiɗa, sai ya cakuɗe ya zama kunu, ba a bambance ganga da jita. A Morrisound suka gano yadda za a raba kowane sauti da ɗan'uwansa, har a ji kowane bugu daban. Daga nan ɗakin ya zama kasuwa. Obituary da Morbid Angel suka ɗauki faifansu na farko a can, suka fito a 1989, Deicide suka biyo a 1990, Napalm Death suka taso daga Ingila, Sepultura daga Burazil, Cannibal Corpse kuwa daga baya tattara kayansu suka yi daga Buffalo suka koma Tampa da zama. Garin da aka sani da rana da bakin teku da tsofaffin da suka yi ritaya, shi ya zama hedkwatar kiɗan mutuwa. Burns kansa da ya gaji sai ya bar sana'ar ya koma aikin kwamfuta.

To, me ke cikin ƙarar? Wanda ya daure ya saurara sau uku ko huɗu zai fara gane cewa abin da ya ɗauka hargitsi ne yana da ƙa'ida mai tsanani. Mai ganga yana zaune ne a gaban manyan ganguna na ƙasa waɗanda ake takawa da ƙafa biyu, dama da hagu, bi da bi, ba tsayawa, hannuwansa kuma na can suna wani aiki daban a kan ƙananan ganguna da farantan tagulla. Minti huɗu ko shida a haka gudu ne na gaske, in ƙafa ɗaya ta makara da ƙiftawar ido waƙar ta rushe. Masu jita sun sassauta tsirkiya ƙasa da yadda aka saba, suna karta ta sama da ƙasa da sauri har sautin ya zama kamar zare ɗaya mai kaɗawa. Muryar ma koyonta ake yi. Akwai wasu naɗe-naɗen nama a maƙogwaro sama da inda murya ke fita, su mawaƙin ke girgizawa da iskar da ya turo daga ciki, wanda kuwa ya yi ta da ƙarfin tsiya ba da sani ba, kafin mako ya dushe. Ta Schuldiner tana da wata tsaga a cikinta, tsakanin gurnani da kururuwa, kamar mutumin da ciwo ya ci ƙarfinsa, ana kuma iya tsintar kalmominsa fiye da na yawancin takwarorinsa.

Abin da ma'abota faifan suka fi yabo a kai shi ne sanin lokacin da za a ja birki. Makaɗan sauri da yawa gudu ɗaya suke yi daga fari har ƙarshe, kunne ya saba, saurin ya daina zama sauri. A Leprosy kuwa ana cikin tsala gudu sai a faɗa wani taku mai nauyi, a hankali, kamar ana jan gungume a cikin laka, sai mai sauraro ya saki jiki, sa'an nan a sake fizgarsa. Kowace waƙa tana da wani ɗan karin jita da ake maimaitawa wanda ke maƙalewa a ka, har mutum ya tarar yana gunguninsa a hanya. Jitar biyu ma ba halinsu ɗaya ba. Rozz yana sa tasa ta yi haniniya da kuka kamar dokin da ya ga wuta, Schuldiner kuwa yana bin tasa da tsari, sauti bayan sauti, har a ji alamar daɗin karin da ya cika faifansa na baya. Mai sauraro na gaske yana gane wanda ke kaɗawa ba tare da an gaya masa ba, kamar yadda mai son kokawa ke gane ɗan wasa daga takunsa tun bai ga fuskarsa ba.

Wannan duk gwaninta ce, gwaninta kuwa ana samunta a faifai da yawa. Abin da ya ware Leprosy shi ne abin da aka ɗora wa ƙarar. Schuldiner ya bar fatalwar sinima ya juyo kan abin da ke iya samun kowa.

Waƙar da ta fi kowace shahara a ciki ita ce Pull the Plug, watau a cire fulogi. Mai magana a cikinta majinyaci ne da ke kwance a asibiti cikin dogon suma, na'ura ke riƙe da ransa, yana jin abin da ake faɗi a kansa amma ba ya iya motsa ko ɗan yatsa, burinsa a kashe na'urar a bar shi ya tafi. Ba tatsuniya ba ce a Amurka ta lokacin. A 1975 wata budurwa mai shekara 21, Karen Ann Quinlan, ta faɗa dogon suma, iyayenta suka nemi a cire mata na'urar numfashi, likitoci suka ƙi, sai da babbar kotun jihar New Jersey ta ba da izini a 1976. Aka cire, ta ci gaba da numfashi da kanta har 1985. A shekarar da faifan ya fito kuwa ana cikin shari'ar Nancy Cruzan a jihar Missouri, wadda ta yi hatsarin mota a 1983 ba ta sake farfaɗowa ba, shari'ar da ta kai har Kotun Ƙoli ta Amurka a 1990. Lauyoyi sun yi magana, likitoci sun yi, malaman addini sun yi, iyaye sun yi. Mutum ɗaya ne ba a ji ta bakinsa ba, shi ne wanda ke kan gadon, shi kuwa yaron nan ya ara wa murya. Mai karatu yana da damar ƙin abin da majinyacin ke roƙo, muhawara ce da ba ta ƙare ba. Amma in har za a ba mutumin da ke ɗaure cikin jikinsa murya, da wuya a ce mai zaƙi ce za ta dace da shi. A nan ne munin muryar ya sami aikin yi. Schuldiner ya ci gaba da rera waƙar nan a gaban jama'a har ƙarshen zamanin ƙungiyar, dubban mutane na amsa masa.

Ta biyu ita ce Open Casket, watau buɗaɗɗen akwatin gawa. Wannan tana bukatar ɗan bayani ga wanda ya saba da a yi wa mamaci wanka a sa masa likkafani a kai shi makwanci kafin rana ta faɗi. A Amurka al'adar da yawa ita ce a miƙa gawa ga kamfanin jana'iza, su zuƙe jinin su ɗura magani don kada ta ruɓe, su yi mata kwalliya da hoda, su sa mata kwat, a kwantar da ita cikin akwati mai laushin katifa, a buɗe murfin 'yan'uwa su zo su wuce ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Tun 1963 wata marubuciya, Jessica Mitford, ta yi littafi sukutum tana sukar wannan ciniki da tsadarsa. Manufar kwalliyar ita ce mamaci ya yi kama da mai barci. Waƙar kuwa ta tsaya ne a wurin mai kallo, wanda ya san ba barci ba ne, ya san kuma wannan gani shi ne na ƙarshe. Masu bin tarihin Schuldiner suna danganta ta da rasuwar yayansa, ba wuya a ga dalili. Yaro ɗan shekara 9 da aka ba jita don ya manta, bayan shekara 12 sai ga abin da ya fito daga jitar.

Akwai Left to Die, kan sojan da aka yi wa daɗin baki aka tura shi fagen fama aka bar shi can. Akwai Born Dead, kan jariran da ake haifa cikin yunwa da cuta, shekara uku bayan hotunan yunwar Habasha sun cika talabijin ɗin duniya. Kada a yi wa faifan ƙarin gishiri, ba duka ne ya girma haka ba. Primitive Ways labarin cin naman mutane ne, ragowar ɗabi'ar faifan farko, ba ta ƙara wa kowa ilmi ba. Mutumin da bai wuce shekara 21 ba ne ya rubuta su, ana kuwa ganin shekarunsa a wurare.

Inda ya fi dacewa a tuhume shi shi ne kan sunan faifan da hoton bangonsa. Mai zane Ed Repka ya zana mutum lulluɓe da mayafi, fuskarsa duk ƙuraje da ƙulli, yana tsaye a wani sansani a cikin fako, a bayansa ga wasu irinsa. Waƙar farko tana ba da labarin waɗanda aka kora daga gari saboda cutar, aka bar su su ƙare a can. Masu kare faifan suna cewa tausayi ne, waƙar korar take suka. Akwai gaskiya a ciki. Amma hoton an yi shi ne don ya tayar da tsigar jiki, an kuma buga shi a kan riguna dubbai, fuskar mara lafiya ta zama abin tsoratarwa na sayarwa. Ga shi kuwa a 1988 cutar tana da magani. Tun 1873 likitan nan na Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayarta. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magunguna masu warkar da ita cikin watanni, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya ma kamuwa da ita. Yatsu ba faɗuwa suke yi don kansu ba, jijiyar ji ce ke mutuwa, mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, miki ya ci wurin. Duk wannan babu shi a faifan.

Dalilin da ya sa yaro Ba'amurke zai ɗauki kuturta kamar wani dodo na zamanin da shi ne ƙasarsa ta ɓoye masu ita. A tsibirin Molokai na Hawaii, daga 1866 zuwa 1969, an kwashe mutum wajen 8,000 an killace su a wani lungu da teku da duwatsu suka kewaye. A Carville ta jihar Louisiana akwai wani asibitin killacewa wanda majinyata da yawa ke sauya suna in sun shiga, don kada a ƙyamaci danginsu. A ƙasar Hausa, duk da ƙyamar da ba a rasa ba, mai cutar yana cikin gari, yana da sarkinsa, ya shiga har cikin karin magana, ana cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan langa. Bahaushe ba zai ga bangon faifan nan ya ga dodo ba, zai ga wani da ya sani ne, don haka yana da hujjar ɓata rai fiye da Bature. Wani abin mamaki kuma, a 2023 wani rahoto a mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa tsakiyar Fulorida, watau yankin da Schuldiner ya girma, ita ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kamuwa da cutar a ƙasar baki ɗaya. Abin da ya zana a can nesa cikin fako ashe yana bayan gidansu.

Sauran tambaya ita ce ta masu sauraro. Iyayen Amurka sun tsorata da kiɗan ƙarfe tun kafin faifan nan. A 1985 matan wasu manyan 'yan siyasa, cikinsu har da Tipper Gore, suka kai ƙarar waƙoƙin batsa da tashin hankali gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa, abin da ya jawo aka fara manna wa faifai takardar gargaɗi ga iyaye. A 1995 Sanata Bob Dole ya ambaci Cannibal Corpse da suna cikin masu ɓata tarbiyya, Jamus da Ostireliya kuma sun taɓa hana sayar da wasu faifan ƙungiyar. Tsoron ba daga iska ya zo ba. A Norwe, a farkon shekarun 1990, wasu samari masu wani reshe na kiɗan ƙarfe sun ƙona coci-coci, ɗaya daga cikinsu ya kashe abokin kiɗansa a 1993. Akwai kuma ƙungiyoyin da kalmominsu kan mata ba su faɗuwa a jarida. Uban da ya ga irin wannan a ɗakin ɗansa ya damu, ba a ce ya yi wauta ba.

Sai dai da masana suka auna, abin da suka samu ya saɓa wa zato. A Jami'ar Queensland ta Ostireliya, a 2015, Leah Sharman da Genevieve Dingle suka tara masu son irin wannan kiɗa su 39, suka sa su tuno abubuwan da suka ɓata musu rai har suka fusata, sa'an nan aka bar wasu su saurari kiɗan da suka zaɓa na minti 10, wasu kuma su zauna shiru. Kiɗan bai ƙara wa kowa fushi ba. Waɗanda suka saurara sun huce, suka kuma ce sun ji ƙarfin jiki da kuzari. A Jami'ar Macquarie ta birnin Sidni, Farfesa William Forde Thompson da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da aka buga a 2019, da masoya kiɗan 32 da waɗanda ba su son shi 48. Ana nuna wa idon dama hoto daban, na hagu daban, ɗaya na tashin hankali ɗaya na lumana, a ga wanda ƙwaƙwalwa za ta fi kamawa. Mutumin da zuciyarsa ta ƙeƙashe ba zai fifita hoton tashin hankali ba, ya saba da shi. Masoyan kiɗan kuwa suka nuna irin firgitar da kowa ya nuna. A wani binciken nasu kuma, waɗanda ba su saba da kiɗan ba suka ce tsoro da ƙunci yake sa su, ma'abotansa suka ce ƙarfi da farin ciki da natsuwa. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, ba a yanke hukunci kan miliyoyi da mutum 39. Amma duk gwaje-gwajen wuri ɗaya suka nuna.

Bayanin da ya fi kama hankali shi ne cewa ƙarar tana daidai da abin da ke cikin ƙirjin mai sauraro. Saurayin da ubansa ke kwance a asibiti, ko wanda aka kai shi kallon gawar ɗan'uwansa aka ce ya yi shiru, in ya kunna rediyo waƙar soyayya da rawa zai ji, kamar duniya ba ta san abin da ya same shi ba. A faifan nan sai ya tarar da wani ya riga shi kallon abin, ya kuma faɗe shi da irin muryar da shi ba a yarda ya yi a gida ba, cikin kiɗan da ke da tsari daga farko har ƙarshe, ba inda ya kuɓuce wa mai shi. Tsoro ne da aka sa wa linzami. Watakila shi ya sa kiɗan ya sami gida a wuraren da ba a zata ba. A garin Ghanzi na Botsuwana, a bakin hamadar Kalahari, ƙungiyar Overthrust tana yin sa tun 2008, tana kuma shirya bikin shekara-shekara. A Huambo ta Angola, garin da yaƙin basasa ya ragargaza, wani fim na 2012 ya nuna yadda masu kula da wani gidan marayu suka shirya babban taron kiɗan ƙarfe, mahalartansa samarin da suka tashi cikin ƙarar bindiga.

Shi kansa Schuldiner bai zauna inda Leprosy ya ajiye shi ba. Ya yi faifai biyar bayansa, daga Spiritual Healing a 1990 zuwa The Sound of Perseverance a 1998, kowane ya fi na baya wuyar kaɗawa, kalmomin kuma suka koma kan yaudara da cin amana da halin ɗan Adam. Ya sha nisanta kansa da masu waƙar Shaiɗan, har ya gyara tambarin ƙungiyar ya kawar da kifaffen gicciyen da ke jikinsa tun suna yara. Waɗanda suka zauna da shi suna ba da labarin mutum mai son girki da karnuka da kyanwoyi, amma mai wuyar sha'ani a wurin aiki, wanda ya yi ta sauya makaɗa kusan kowane faifai. Wasu masoyan suna fifita Human na 1991 ko Symbolic na 1995, suna da hujja in gwaninta ake bi. Masu riƙe da Leprosy kuwa suna cewa a nan ne ɗanyen ƙarfin ƙuruciya da hankalin manya suka haɗu sau ɗaya, kafin ɗaya ya rinjayi ɗaya.

A watan Mayu 1999, yana cika shekara 32, likitoci suka gano ƙari a gindin ƙwaƙwalwarsa. Aka yi masa aiki a Nuyok a farkon 2000, aka ga kamar an dace, a 2001 ciwon ya dawo. Mutumin da ake kira uban wannan kiɗa a duniya bai da kuɗin asibiti. Inshorar da ya yanka bayan aikin farko ta ƙi biya, wai ciwon ya riga ta. A nan ne aka ga ko su wane ne mutanen nan masu baƙaƙen riguna da hoton ƙoƙon kai, waɗanda sanatoci ke tsoro. Suka yi ta aiko da kuɗi daga ƙasashe, kowa da ɗan abin da ya samu, makaɗa suka ba da kayansu aka yi gwanjo, aka shirya wasanni don tara gudummawa, cikinsu har da wani babba a San Francisco a watan Agusta 2001, wanda aka yi dominsa da wani mawaƙin, Chuck Billy na ƙungiyar Testament, shi ma yana fama da sankara. Zumuncin da aka fara da kaset da kan sarki shi ya biya wani sashe na kuɗin magani.

Billy ya warke, ya koma kan dandamali. Schuldiner maganin ya raunana jikinsa, ciwon huhu ya kama shi, ya rasu ran 13 ga Disamba 2001 yana da shekara 34, ya bar faifan sabuwar ƙungiyarsa Control Denied na biyu bai ƙarasa ba. Tun 2012 tsofaffin makaɗansa ke haɗuwa lokaci-lokaci da sunan Death to All su zagaya duniya da waƙoƙinsa, galibi kuma da Pull the Plug suke rufe wasa.